Yadda Ake Kafa Injin Zarto Mai Yanka Kusurwa, a Yi Aiki da Shi Yatsu Goma Cif

Duk kafintan da ya taɓa haɗa firam ɗin ƙofa ko na madubi da zarton hannu ya san wahalar kwana. Ka auna, ka ja layi, ka yanka a hankali, amma da ka haɗa ɓangarorin biyu sai ka ga baki ya buɗe, ka koma cusa garin katako da gam kana fatan fenti zai rufa maka asiri. Injin da masu sayar da kayan aiki ke kira maita so, don wannan matsala aka ƙera shi. Faifai ne mai haƙora a jikin wani kai da ke sauka ƙasa ya koma sama. A ƙarƙashinsa akwai faranti mai juyawa hagu da dama, a baya kuma akwai ƙarfe a tsaye da katako ke jingina da shi, wanda zan riƙa kira majingini. Ka juya farantin zuwa digiri 45, ka sauke kan, shi ke nan.

Wannan sauƙin nasa shi ne abin da ke ba ni tsoro. Faifai mai inci 10 yakan yi juyi wajen 5,000 a minti ɗaya. In haƙoransa 60 ne, haƙori 5,000 ke nan ke wucewa ta wuri ɗaya a kowace daƙiƙa. Kafin mutum ya ji zafi, aikin gama ya gama. Na ga hannun da saura yatsu uku a jikinsa, kuma mai hannun ba sabon shiga ba ne, ya riga ni fara sana'a da shekaru. Saboda haka duk abin da zan bi da kai a nan, tun daga fito da injin daga kwali har zuwa rufe shago, abu biyu yake kewayawa: katako ya zauna daram ya jingina sosai kafin faifai ya taɓa shi, hannu kuma kada ya matsa daga inda yake sai faifai ya tsaya cak.

Ka san wanda ka sayo

Iri uku za ka tarar. Akwai wanda farantinsa kaɗai ke juyawa. Akwai wanda bayan juyawar faranti, kansa ma yana kishingiɗa gefe, wani ɓangare ɗaya, wani duka biyu. Sai kuma mai zamiya, wanda kansa ke tafiya gaba da baya a kan sandunan ƙarfe, shi ne ke iya ratsa falanki mai faɗin inci 12. Girman faifai yawanci inci 10 ne ko 12, wato milimita 254 ko 305, ko da yake akwai ƙanana. In aikinka firam ne da siketin (katakon da ake bi da shi a gindin bango) da tu-bai-tu da tu-bai-fo, mai inci 10 ya wadatar, faifansa ma ya fi araha.

Kafin ka soka fulogi a ko'ina, duba ɗan allon da ke manne a jikin moto. Wutar Najeriya da Nijar da Ghana tsakanin bolt 220 ce zuwa 240. Injin gwanjo da ya fito daga Amurka na bolt 120 ne, na Japan 100, wanda kuma ya fito daga wuraren gine-gine na Ingila mai fulogi rawaya na 110 ne. Duk wanda ka soka kai tsaye daga cikin waɗannan, ƙauri za ka ji, kwayil ya tafi. Dole sai da taransifomar rage wuta, kuma ba ƙarama irin ta rediyo ba. Injin Amurka mai amfiya 15 yana cin wat 1,800, lokacin tashi kuma yakan ja ninkin haka ko fiye, don haka ka nemi wadda ta kai wat 3,000.

Haka lissafin yake a wajen janareto. Ƙaramin da ake kunna fitila da fanka ba zai ɗauke shi ba, sai wanda ya kai kilowat 3 ko sama. Wayar da za ka ja masa ta zama mai kauri, milimita 2.5, kuma kada ta yi tsawon da ya wuce buƙata. In wutar NEPA ta yi ƙasa ka ji injin yana gurnani bai kai ƙararsa ta kullum ba, haƙura da aikin har ta dawo daidai. Raunin wuta yana ƙona moto kamar yadda yawanta ke yi, sai dai shi a hankali.

Wurin zamansa

Kada ka ajiye shi a ƙasa ka tsuguna a gabansa, ko da aikin fita ka je. Mai tsugune ba ya iya ja da baya da sauri, fuskarsa kuma tana daidai inda guntu ke tashi. Ka yi masa benci mai nauyi wanda tsayinsa ya kai wajen ƙugunka, santimita 85 zuwa 90. A ƙafafun injin akwai huji huɗu, ba ado ba ne: ka ɗaure shi da noti a jikin bencin. In kana yawo da shi zuwa wuraren aiki, ɗaure shi a kan filawud mai kauri, in ka isa sai ka matse filawud ɗin a kan tebur da kilam.

Katakon da muke ɗaukowa a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ko Dei-Dei a Abuja yawanci ƙafa 12 ne, shi kuwa teburin injin bai fi kamu biyu ba. In ba abin da ya tallafi sauran tsawon, da faifai ya raba katakon, dogon ɓangaren zai rinjaya ƙasa, bakinsa ya ɗaga ya matse faifai ko ya bugi murfin da ke rufe faifan. Saboda haka ka kafa matallafi hagu da dama, tsayinsu daidai da saman teburin injin, ba sama ba ba ƙasa ba. Ɗora dogon katako miƙaƙƙe ka leƙa ƙarƙashinsa, in ka ga haske a wani wuri, gyara. Kuma kada ka sa yaro ya riƙe maka ƙarshen katako a madadin matallafi. Hannun mutum yana motsi, in ya ɗaga kaɗan ko ya ja kaɗan, kai da ke kusa da faifai kai za ka ji a jikinka.

Mai zamiya yana buƙatar fili a bayansa, ka tura kan har ƙarshe ka tabbatar sandunan ba sa dukan bango. Wurin ya zama da haske, ƙasa kuma a share, babu guntaye babu waya a ƙarƙashin ƙafa.

Faifai

Duk lokacin da hannunka zai kusanci faifai, zare fulogi daga soket. Kashe makunni bai isa ba. Ɗauke wuta ma bai isa ba, kuma a ƙasarmu wannan shi ne tarkon: an ɗauke wuta, ka ce bari in yi amfani da damar in canja faifai, hannunka na ciki, ɗayan ya dafa mariƙi, sai a kawo wuta ko maƙwabcin da kuke raba janareto ya tayar da shi. Ni fulogin nake ɗorawa a kan benci inda idona ke ganinsa kafin in ɗauki sifana.

In za ka cire faifai, ɗaga murfin, danna maɓallin da ke riƙe sandar juyi don kada faifan ya motsa, sannan ka kwance notin tsakiya. A yawancin injuna notin nan na hagu ne, wato sai ka juya shi yadda hannun agogo ke tafiya yake kwancewa. Mutane da yawa sun cinye kan noti saboda rashin sanin wannan. Goge wasoshin biyu da ke matse faifan, don ɗan garin katako a tsakaninsu yana sa faifai ya riƙa rawa. Kibiyar da ke jikin faifai ta bi kibiyar da ke jikin murfi. In kibiyar ta goge, ga alama: haƙoran da ke ta gabanka su kalli ƙasa.

Abu uku za ka duba wajen sayen faifai. Na farko, hujin tsakiya ya yi daidai da sandar injinka. Na Turai yawanci milimita 30 ne, na Amurka mai inci 10 kashi biyar cikin takwas na inci, mai inci 12 kuma inci ɗaya. In hujin ya yi yawa akwai zoben da aka yi don cike gurbin, kada a yi masa ciko da gwangwani. Na biyu, adadin juyin da aka rubuta a jikin faifan kada ya gaza na injin. Na uku, haƙora: 24 zuwa 40 na aikin rufi ne da ba a damu da santsi ba, 60 zuwa 80 na firam da kayan ɗaki. In injinka mai zamiya ne, nemi faifan da haƙoransa ba su sunkuya gaba sosai ba, domin masu sunkuyon nan suna cafkar katako su jawo kan injin zuwa gare ka. Faifan da ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko haƙoransa suka fara zubewa, ya gama aiki. Wanda ya dushe kuma za ka gane shi da ƙauri da baƙin tabo a bakin yanka, da yadda sai ka danna da ƙarfi. Ka kai a wasa shi ko ka canja, faifai marar kaifi ya fi mai kaifi haɗari.

Daidaita shi kafin ka yarda da lambobinsa

Nan ne mafi yawan mutane ke tsallakewa, nan ne kuma kuɗin injin ke fita ko ya salwanta. Injin da ya sha jijjiga a jirgin ruwa da tirela, don kibiyarsa na nuna sifili ba shi ke nan yana yanka daidai ba. Sabo dal ma sai an duba shi.

Fulogi a zare. Sa farantin a sifili ya faɗa cikin ramin tsayawarsa, ka kulle. Sauke kan ƙasa ka sa fil ɗin da ke riƙe shi. Ɗauko sukwaya, wato ma'aunin kwana, wadda ka amince da ita, ka kwantar da ita a kan tebur, gefe ɗaya ya jingina da majingini, ɗayan ya jingina da jikin faifai. Ka kula ta taɓa jikin ƙarfen faifan, ta shiga tsakanin haƙora, don haƙoran sun fi jikin faɗi, in ta hau kansu ƙarya za ta gaya maka. Leƙa ko haske na ratsawa. In akwai, a wasu injuna notunan majingini ake sassautawa a ɗan goce da shi, a wasu kuma allon lambobin ake sassautawa a juya farantin kaɗan. Littafin da ya zo da injin zai nuna maka wanne ne naka. In ya daidaita ka ɗaure, ka sake dubawa, don ɗaurewar kanta takan gusar da shi.

Daga nan tsayar da sukwayar a kan tebur ka jingina ta da faifai, ka ga ko faifan a tsaye yake sak. In ya karkata, akwai noti a baya da kan injin ke tsayawa a kansa, shi ake juyawa. Sai bayan wannan duka za ka sassauta 'yar kibiyar da ke nuna lamba ka mayar da ita kan sifili.

Sukwaya ma takan yi kuskure, saboda haka katako ne alƙali. Samo falanki miƙaƙƙe mai faɗin inci huɗu ko biyar, yanka shi a sifili. Kifa ɓangare ɗaya, samansa ya koma ƙasa, ka haɗa bakunan yankan biyu, dukansu jingine da majingini. In sun haɗe babu kafa, injinka ya zauna. In baki ya buɗe ta gaba ko ta baya, abin da kake gani ninki biyu ne na kuskuren, don haka rabin sa za ka gyara. Na 45 kuwa, yanka gajerun katako huɗu masu tsawo ɗaya ka haɗa ɗan firam. Yanka takwas ne a cikinsa, kuskuren rabin digiri zai taru ya zama digiri huɗu a kwanar ƙarshe, ba zai ɓoyu ba. Minti ashirin wannan aikin zai ci maka, kuma ni nakan maimaita shi duk lokacin da injin ya dawo daga aikin fita.

Ƙarshen dubawa shi ne murfi. Sauke kan ka ɗaga sau biyu ko uku: murfin ya buɗe da kansa lokacin sauka, ya rufe faifan ruf lokacin tashi. In yana maƙalewa, gari ne ya cushe shi, share shi. Na shiga shaguna da dama na tarar an ɗaure murfin sama da waya, in ka tambaya a ce yana tare layi ne. Wanda ya ɗaure murfi ya bar faifai tsirara daidai tsayin hannunsa, yana juyawa, a daidai lokacin da yake miƙa hannu ya kwashe katako. A shagona duk wanda ya yi wannan ya bar taɓa injin.

Shirya jikinka

Babbar riga da jallabiya da duk wata riga mai faɗin hannu, a rataye su. Hannun riga a naɗe shi sama da gwiwar hannu. Agogo, zobe, carbi, rawani mai jela, duk a ajiye. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar katako, amma ba a sa ta lokacin yanka, don in haƙori ya kama zarenta da hannun zai tafi. Takalmi rufaffe, ba silifas ba.

Tabaran kariya dole ne, kowane yanka, har da na "ɗan kaɗan". Ka toshe kunne, ƙarar injin nan takan kai desibel 100 alhali daga 85 ji ke fara lalacewa in an daɗe, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka sa takunkumin da ke tace ƙura. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci. Ƙurar loko tana tayar wa wasu da asma da ƙaiƙayin fata, ta MDF kuwa gauraye take da gam ɗin da aka matse shi da shi. 'Yar jakar da ke bayan injin kaɗan take kamawa, ka yi aiki inda iska ke ratsawa.

Yankan kansa

Duba katakon tukuna. Ƙusa, waya, tsakuwa ko busasshen siminti, musamman a katakon da aka cire bayan zubin simintin dakin, suna karya haƙori su harbo shi. Ja layinka da fensir, ka yi alama a ɓangaren da za a yar. Faifai yana cinye wajen milimita 3, saboda haka ba a kan layi ake sauke shi ba, a gefensa ne, ta ɓangaren da ba ka so.

Kwantar da katakon a kan tebur, ka tura shi ya jingina da majingini, babu gari a tsakaninsu. Matse shi da kilam ɗin da ya zo da injin in zai yiwu. In da hannu za ka riƙe, hannun ya yi nesa da faifai da aƙalla santimita 15, kusan kamu ɗaya. Injuna da yawa suna da zanen hannu da aka soke a kan tebur, nan ne iyakar.

Ba tare da ka taɓa kunama ba, wato makunnin da ke jikin mariƙi, sauke kan ka ga inda haƙori zai faɗa. In injinka na da hasken leza, kada ka yarda da shi sai ka gwada shi da yanka na gaske. Wannan saukewar gwaji ita ce kuma ke nuna maka ko faifan zai ci kilam ko majingini, musamman in ka kishingiɗa kan. A injuna da yawa sai an zame saman majingini gefe kafin a yi yankan kishingiɗe.

Ɗaga kan, ka tsaya ɗan gefe kaɗan, kada fuskarka ta yi layi ɗaya da faifai. Matsa kunama faifan bai taɓa katako ba, ka riƙe mariƙin da kyau don yakan zabura lokacin tashi. Ba shi daƙiƙa biyu ya kai cikakken gudunsa. Sauke shi a hankali, ka bar haƙora su ci da kansu. Kunnenka zai gaya maka: in ƙarar ta yi ƙasa, ka matsa masa da yawa. Maɗaci da loko sun fi obece da malaina bukatar haƙuri.

In ya ratsa, saki kunama, ka bar kan a ƙasa har faifan ya tsaya cak, sannan ka ɗaga. Wannan matakin shi ne wanda gaggawa ke cinyewa. In ka ɗaga faifan yana juyawa, haƙoransa za su sake goge bakin yankan su ɓata shi, su kuma iya ɗaukar guntun da ya rabu su jefa. Daƙiƙa uku ko biyar ne kawai, in injinka mai birki ne ma bai kai haka ba.

Mai zamiya tsarinsa daban ne, kuma a nan ake yawan kuskure. Injin a kashe, jawo kan zuwa gare ka har ya wuce bakin katakon. Kunna, sauke, sannan ka tura zuwa majingini. Turawa ake yi, ba a ja. In ka ja shi yana yanka, faifan zai hau kan katakon ya taho maka da gudu. In katakon siriri ne da ba ya bukatar zamiya, tura kan baya ka ɗaure notin sandunan, ka yi amfani da shi kamar marar zamiya.

Inda yatsu ke tafiya

Wata rana ina ciki ina lissafi da mai aiki, sai na ji wata ƙara kamar an harba bindiga. Na fito na tarar da yarona a tsaye, ido a waje, hannunsa na rawa. Guntun katako ne da bai fi tsawon ɗan yatsa ba ya ga ya yi tsawo kaɗan. Na ce, "Me ka yi?" Ya ce, "Maigida, ɗan kaɗan zan rage masa." Ya riƙe shi da yatsu biyu, faifan ya fizge shi ta cikin ratar da ke tsakiyar majingini, ya fasa murfin roba, ya je ya lotsa kwanon rufi. Allah ya kiyaye, farcensa kawai ya taɓa. Na zaunar da shi har jikinsa ya daina ɓari, ni ma nawa sai da ya ɗauki lokaci.

Tun ranar dokar shagon ita ce: abin da bai kai tsawon ƙafa ɗaya ba, ba a riƙe shi da hannu. In ƙaramin abu kake so, ciro shi daga jikin dogon katako, hannunka na kan dogon. In kuma ya riga ya zama ƙarami, kilam ko zarton hannu ko samfefa. Na kuma ɗaura wa majinginin miƙaƙƙen katako ta hujojin da ke jikinsa, na bar faifan ya tsaga shi da kansa. Yanzu ratar tsakiya daidai kaurin faifai take, guntu ba shi da inda zai faɗa, tsagar kuma tana nuna mini daidai inda yanka zai bi.

Kada ka gicciye hannu. Wato katako na dama da faifai, kai kuma ka riƙe shi da hagu, damtsenka ya ratsa ta gaban faifai. In abin da za ka riƙe yana dama, riƙe shi da dama, ka sauke injin da hagu, ko ka juya katakon.

Katako mai lanƙwasa, wanda shi ne rabin abin da ke kasuwa tunda ɗanye ake sayar da shi, bayan lanƙwasar ake jinginawa da majingini, yadda daidai wurin yankan zai taɓa ƙarfen. In ka juya shi cikin lanƙwasar ya kalli majingini, rata za ta kasance a bayan wurin yankan, da faifai ya kusa ratsawa katakon zai rufta baya ya matse shi.

In kana yanka guda talatin masu tsawo ɗaya, matse ɗan katako a jikin majingini ya zama iyaka, ba sai ka auna kowanne ba. Amma ɓangaren da ke tsakanin iyakar da faifai shi za ka riƙe ko ka matse. In ka bar shi sake, ba shi da wurin gocewa, zai maƙale ya harbo. A nan jiran faifai ya tsaya kafin ɗagawa ya zama wajibi ninki biyu. Ɗaya-ɗaya ake yanka, ba a jera uku a sauke musu faifai tare. Abu mai zagaye kamar sandar labule ko fayif yana mirginawa, sai an matse shi. Kuma injin nan na ratsa katako ne ta faɗinsa, ba a tsaga katako ta tsawonsa da shi.

In faifai ya maƙale a cikin katako, saki kunama nan take, jira ya tsaya, zare fulogi, sannan ka ciro.

Lissafin kwana

Sifilin injin shi ne yanka miƙaƙƙe na digiri 90. Don haɗa firam, raba 180 da adadin gefuna: mai gefe huɗu 45, mai biyar 36, mai shida 30, mai takwas 22.5. Shi ya sa farantin ke da ramukan tsayawa a wasu daga cikin waɗannan lambobi. Lambobin nan 31.6 da 33.9 da za ka gani an yi musu alama, na adon kwanar silin ne irin na Amurka, ba kullum za ka bukace su ba.

Sai dai bangon da magina ke bar mana ba kasafai yake cika 90 ba. In za ka sa siketin, auna kwanar tukuna. Cire abin da ka samu daga 180, ka raba biyu. Kwana mai 88 tana son 46 a kowane ɓangare, mai 92 tana son 44. Gwada da guntaye biyu kafin ka taɓa katakon mai aiki. A firam kuma, ko kwanarka ta yi daidai, in gefuna biyu masu fuskantar juna ba tsawonsu ɗaya ba, baki zai buɗe, saboda haka da iyaka ɗaya za ka yanka su.

Masu tagar alminiyom suna amfani da irin wannan injin sosai, kuma yana yi, in an sa faifan alminiyom mai haƙora da yawa, an matse da kilam, an sauke a hankali. Ƙarfe kuwa, rodi ko fayif ko angil, ba aikinsa ba ne. Kada a ɗaura masa dutsen yankan ƙarfe: gudunsa ba na wannan ba ne, tartsatsin zai narka murfin roba, ya kuma iya tayar da wuta a cikin garin katako.

In tsautsayi ya faɗa

A ajiye bandeji da tsumma mai tsabta kusa da injin, kowa a shago ya san inda suke. In an yanke, danne ciwon da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a nufi asibiti. Kada a zuba fetur, ko baƙin mai, ko garin katako, ko ƙasa. In yatsa ya rabu, a ɗauke shi, a naɗe a tsumma mai tsabta mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A tafi da shi babban asibiti da ke da likitocin ƙashi, irin na Dala a Kano, ba tare da tsayawa a kemis ba, don awoyin farko su ne ke da muhimmanci.

Lokacin tashi, zare fulogi, share gari daga faranti da murfi da sandunan zamiya da burushi, ba da hannu ba. Zazzage jakar ƙura. Jefi-jefi ka kwance murafun kabon biyu da ke gefen moto ka duba, in sun cinye ko ka ga tartsatsi ya yi yawa a ciki, canja su duka biyu tare. Sauke kan ka sa fil, ka rufe injin da buhu saboda ƙurar hunturu. Wasu injunan suna da ɗan huji a jikin kunama da aka yi don kwaɗo. In naka na da shi, sa masa kwaɗo ka tafi da makullin a aljihunka, don yaran shago sukan riga maigida zuwa da safe.